Sallamar da Aka Goge

Rana ta gama faɗuwa, saura ɗan jan da ta bari a bayan tankin ruwan maƙwabta, lokacin da dutse na farko ya sauka a kan kwanon gidan Injiniya. Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ɗaga kai, ta ce yaran layi ne, ta yi musu Allah ya shirya, ta ci gaba da ninke zanin gado. Na biyu ya sauka. Na uku bai yi ƙarar dutse ba, ya gangaro ta bakin kwano ya faɗo a gabanta, ta sunkuya ta ɗauka. Ɗan ƙaramin noti ne, irin wanda ake ɗaure murfin kwamfuta da shi, kuma da zafinsa kamar yanzu aka ciro shi daga wuta.

Ta kai wa mijinta a ɗan ɗakin bakin ƙofa inda yake aiki. Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, sai ya ga ɗigon jan fenti a kansa. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai ɗiga jan fenti a kan duk notin da ya ɗaure, yayansa ne, kuma shekara shida ke nan da binne shi. Notunan nan shi da hannunsa ya watsa su a bola kwana goma sha biyu da suka wuce.

"Mene ne?" in ji matar.

"Ba komai. Wasan yara ne."

Ya jefa shi a aljihu, bai yarda sun haɗa ido ba.

Injiniya dai ba injiniya ba ne, 'yan layi ne suka laƙaba masa saboda ba a raba shi da sukudireba. Gyaran kwamfuta yake yi, yana kuma haɗa bidiyo. Da yayansa ya rasu, abu biyu ya bar masa: 'yarsa tilo mai shekara takwas, wadda uwarta ta rasu tun tana goye, da wata tsohuwar kwamfutar tebur da marigayin yake zanen gine-gine da ita. Kwamfutar ta tsufa har ta zama abin dariya. In an kunna ta sai mutum ya dafa shayi ya shanye kafin ta gama tashi. Amma ba mai taɓa ta a gidan, don marigayin ya cire ƙarar da take yi in ta tashi ya sa muryarsa a madadi. Da zarar allo ya yi haske sai a ji shi, da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshe: "Salamu alaikum, masu gida. Mamana, an yi salla kuwa?" Mamana yake ce wa 'yarsa. Shekara shida yarinyar tana shiga ɗakin nan kowace magariba, ta danna maɓalli, ta jira, ta amsa sallama, ta ce an yi Baba, ta kashe ta fita. Yanzu shekararta goma sha huɗu, ba ta taɓa fashi ba.

To sai Injiniya ya samu sabon katin hoto, wato ƙarfen da ake sakawa a cikin kwamfuta don ta iya ɗaukar bidiyo mai nauyi. Katin zamani ne, mai fanka uku, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya. Tasa kwamfutar ta hannu ce, ba ta da gurbinsa. Ta Yaya ce kaɗai mai babban akwati.

"Baffa, ba abin da zai samu Baba ko?" yarinyar ta tambaye shi ranar da ta ga ya kwance murfin.

"Haba, kati kawai zan canza. Ko ƙura ba zan taɓa ba."

Ya cire tsohon katin, ya haɗa da notunansa ya zubar. Sabon ya zauna daram. Sai dai kati ba ya aiki sai da direbansa, 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da shi, kuma masu katin sun daɗe da daina yi wa tsohon tsari irin na kwamfutar Yaya direba. Ya sauke na farko, kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Ya tono wani tsoho a intanet, ya buɗe fayil ɗinsa ya rubuta lambar sabon katin da hannu don ya yaudare ta, ta ce ba shi da hatimi. Ya kashe mai duba hatimin, ta karɓa, ta sake tashi, allo ya yi baƙi ƙirin. Ya cire, ya mayar, ya sake. In ta ga dama ta nuna hoto ƙato-ƙato, haruffa kamar na allon makaranta, linzami yana jan ƙafa. Kwana uku yana wannan fama, mutumin da a layin nan ake cewa ba kwamfutar da ta taɓa gagararsa. Ya daina cin abinci a kan lokaci, ya fara yi wa matarsa tsawa a kan ba komai.

A rana ta uku, yarinyar tana makaranta, zuciya ta ɗebe shi. Ya ce ai magana ɗaya ce, a goge tsohon tsari a sa na zamani. Ya kwashe hotuna da zane-zanen Yaya kaf ya zuba a filashi, ya goge faifan ajiyar kwamfutar, ya ɗora sabon tsari. Sai da kwamfutar ta tashi da wata baƙuwar ƙara, ƙiling, sannan gabansa ya faɗi. Muryar ba ta cikin hotuna. Tana can cikin hanjin tsohon tsarin, inda ake ajiye ƙararrakinsa, wurin da bai leƙa ba.

Da magariba ta yi yarinyar ta shigo, ta danna, ta jira. Ƙiling. Ta juyo ta dube shi.

"Faifan ne ya mutu," ya ce, yana goge sukudireba da gefen rigarsa. "Dama ya tsufa. Kin san yawan kunnawa da kashewa kullum-kullum yana gajiyar da su."

Wallahi da ya san inda maganar nan za ta sauka da ya haɗiye ta. Yarinyar ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce to, ta fita. Daga ranar ta rage magana, ta rage ci, kuma ba ta daina shiga ɗakin da magariba ba, sai dai ta zauna a ƙasa kusa da akwatin ba tare da ta kunna ba.

Bayan notin farko, abin bai tsaya ba. Washegari da magariba aka sake jifa, wannan karon har da duwatsu na gaske, kuma da maƙwabta suka hau katanga suka duba ba kowa a layin. Rana ta uku matar ta tarar da noti a ƙasan kofin shayin mijinta, da jan fentinsa. Rana ta huɗu, an ɗauke wuta tun azahar, gidan ya yi tsit, sai suka ji fanka tana juyawa a ɗakin bakin ƙofa. Ba sabbin fankokin nan masu laushin murya ba. Ta tsohon katin ce, mai ɗan kukan nan ƙiii da kowa a gidan ya sani, wadda take bola.

"Injiniya," matar ta ce a hankali, "me ka yi a ɗakin nan?"

"Me zan yi? Aiki nake yi."

"To ni dai na ji tsoro."

Shi ma ya ji, amma tsoronsa daban ne da nata, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

A rana ta biyar, ana kiran sallar magariba, suka ji faɗuwar abu. Suka tarar da yarinyar a kwance a gaban kwamfuta, jikinta ya sandare, idanunta a buɗe suna kallon silin. Matar ta tallafo kanta tana kiran sunan Allah. Sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar namiji ta fito, cikakkiya, mai ɗumi, har da 'yar dariyar.

"Salamu alaikum, masu gida. Mamana, an yi salla kuwa?"

Matar ta saki ƙara. Injiniya ya zube a bakin ƙofa. Bayan ɗan lokaci yarinyar ta farfaɗo, ta dube su tana tambayar me ya faru, ba ta san komai ba.

Limamin masallacinsu ne ya haɗa su da Malam, wani tsoho gajere mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya zo washegari bayan la'asar. Bai yi gaggawar komai ba. Ya nemi ruwa a kofi, ya shiga ɗakin bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon akwatin da fitilun sabon kati ke walƙiya ta cikin ramukansa, sannan ya zauna a tabarma ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa, matar tana riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Inuwa ta yi ta tsawo a bangon tsakar gida har ta cinye shi. Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka yi shiru. Can sai wuyan yarinyar ya langaɓe, yatsunta suka dunƙule.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni." Wannan ba muryar marigayi ba ce. Busasshiya ce, siririya, da ɗan ƙiii a ƙarƙashinta.

"Wane ne kai?"

"Ɗan gida ne."

"Musulmi ne kai?"

"Ina amsa sallama."

"To me ya haɗa ka da marainiya?"

"Ba ni da rigima da ita. Shekara shida nake zaune a akwatin can, a bayan tsohon kati, inda fanka ke hura ɗumi. Ban taɓa ko kazar gidan nan ba. Kullum in ta danna maɓalli mutumin nan yakan ce, salamu alaikum masu gida. Masu gida ya ce, Malam, bai ware kowa ba. Ni kuwa tun da aka halicce ni ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa yi mini sallama, sai dai a nemi tsari da ni. Tana amsawa, ina amsawa. Sai wancan ya zo ya zubar mini da ɗaki a bola, na haƙura. Ya goge mutumin, shi ne ban haƙura ba."

Malam ya juya ya dubi Injiniya ta saman tabarau.

"Kuskure ne, Malam," in ji Injiniya. "Na kwashe komai, na ɗauka tana ciki. Mantuwa ce."

Muryar ta yi wata dariya ta bakin yarinyar. "Mantuwar gaskiya ce. Amma gaya masa abin da ya biyo baya. Kai ne mai sana'ar, ba ni ba. In an goge abu a faifai, ya tafi ke nan?"

Injiniya ya kawar da kai.

"Ana tambayarka," in ji Malam.

"Ba ya tafiya nan take." Injiniya ya amsa yana kallon ƙasa. "Yana nan kwance, sai an rubuta wani abu a kansa. In an kashe kwamfutar a lokacin, aka ciro faifan, sau da yawa ana iya tono shi."

"Ka taɓa tono wa wani?" in ji Malam.

"Na sha yi."

"Ina ciki ina kallo," muryar ta ce. "Sabon tsarin bai hau kan mutumin ba. Yana nan lafiyarsa ƙalau. Hannun wannan ya kai kan maɓallin kashewa, na gani. Sai ya ce bari dai ya gwada direban tukuna, minti biyu. Direba ya shiga. Hoto ya fito tar, irin wanda bai taɓa gani ba. Ya yi murmushi, Malam. Ya ce bari ya ɗora manhajar bidiyo ya ga gudunta. Ya ɗora ta, ya juye bidiyoyinsa, ya cika faifan. A ƙarƙashin bidiyo na huɗu mutumin ya tafi."

Matar ta saki kafaɗar yarinyar da hannu ɗaya ta rufe bakinta. Injiniya bai musa ba. Sati biyu yana gaya wa kansa cewa wataƙila dama ba za a samu ba, yanzu an ƙwace masa wannan ma. Kunya ta rufe shi, ya ji ya tsani hannayensa.

"Ƙorafinka ya fito," Malam ya ce wa muryar. "Amma jikin nan ba naka ba ne. Za ka fita."

"A yi ciniki mana. Muryar tana wurina, kun ji da kunnenku, ko harafi ban yar ba. Ku bar ni a nan, kowace magariba in faɗa muku. Ba jifa, ba noti."

Abin kunya, sai da zuciyar Injiniya ta yi tsalle. "Malam, in dai ba zai cutar da ita ba..."

"Kai!" Malam ya daka masa tsawa, karo na farko da ya ɗaga murya. "Ka goge muryar ubanta, yanzu kuma jikinta za ka bayar don ka toshe ramin da ka haƙa?"

"Ita fa ba ta ji," matar ta ce cikin kuka. "In ya hau ta ba ta san inda kanta yake ba. Mu ne za mu riƙa ji, ita ko sau ɗaya ba za ta ji ba."

Malam ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan kofin. Yarinyar ta gantsare.

"To a fasa katin! A fasa shi a gabana in tafi!"

Injiniya ya miƙe zumbur, har ya ɗauki guduma a kan tebur.

"Zauna," in ji Malam. "Ai na ga ka ji daɗi. Fasa ƙarfe ya fi maka sauƙi."

Ya zauna da gudumar a cinya. Ɗakin ya yi duhu sosai, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Da muryar ta dawo, ta yi sanyi, kamar ta gaji.

"Malam, ka san ta inda na shiga? Ba ni na nemi ƙofa ba. Kullum tana zama a nan ƙasa tana cewa, ni na kashe shi, da ban riƙa kunnawa kullum ba da yana nan, Baba ka yafe mini. Sati biyu. Wancan ne ya sa mata wannan a rai. Ina so ya faɗa mata gaskiya da bakinsa, tana farke, duka, har da murmushin. In ya yi alkawari na tafi."

"Wannan ba sharaɗinka ba ne, haƙƙinta ne," Malam ya ce. "Ko ka fita ko ba ka fita ba sai ya faɗa. Ka ji ko, Injiniya?"

"Na ji. Na yi alkawari." Hawaye yake yi sosai, bai ma share ba.

"Saura abu ɗaya," muryar ta ce. "Ƙarami ne. In za ka kore ni, kada ka kore ni da tsawa."

Malam ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar. 

"Ka tafi inda ba mutane, kada ka sake waiwayar gidan nan. Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," aka amsa, a hankali ƙwarai. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ƙafarta ta hagu ta yi rawa ta tsaya, jikinta ya saki a hannun matar.

Malam bai zauna shan ruwa ba. Ya ce a bar ta ta yi salla ta huta, ya sa takalmansa, a bakin ƙofa ya ce wa Injiniya kada ya bari a kwana.

Bai bari ba. Bayan ta idar da salla, tana zaune a kan dardumar da hijabinta, ya zo ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi wa yaro ba. Ya faɗa mata faifan bai mutu ba. Ya faɗa mata kunnawarta ba ta taɓa yi masa komai ba, da za ta yi shekara ashirin tana kunnawa ma ba abin da zai same shi. Ya faɗi gogewar, da hannunsa a kan maɓallin kashewa, da direban, da hoton da ya fito tar, da murmushin. Bai rage komai ba. Yana gamawa ya sunkuyar da kai yana jiran ta yi ihu, ko ta ce ba ta yafe ba, don da hakan zai fi masa sauƙi.

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"Ba ni ce ba ke nan?"

"Ba ke ba ce. Ni ne."

Ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. Sai a lokacin hawayen suka zo mata, ba ƙara, suna bin kumatunta kawai.

"Baffa, na ga yadda kake wahala kwana ukun nan. Ina jin ka kana tsaki ta bango. Da ka ce mini sai an goge Baba katin zai yi, wallahi da na ce ka goge."

Ya ɗago ya dube ta.

"Da dai ka jira na dawo daga makaranta," ta ce. "Sau ɗaya kawai zan kunna, in ji shi ina sane cewa na ƙarshe ne. Ranar nan da sauri na amsa masa, ina da aikin gida, ban ma tsaya ya gama dariyar ba."

 Ta tashi ta ninke dardumar, ta ratsa ta gefensa ta tafi taya matarsa wanke kwanuka.